Daga Gusau Zuwa Aswan: Bin Sawun Magungunan Fir'aunoni

Aikina haɗa magunguna ne, kuma ina koyar da darasin tsirran magani a wata makarantar kiwon lafiya a Gusau. Na daɗe ina ba ɗalibai labarin likitancin mutanen Masar na da daga cikin littafi, ban taɓa taka ƙasar ba. Da ɗan yayana ya samu gurbin karatu a Azhar sai hanya ta buɗe: ga masauki, ga muharrami, ga tafinta. Na kwashi adashina, na nemi biza a Abuja, na ɗauki hutu a watan Janairu.

Daga Gusau zuwa Kano babu abin faɗa sai addu'ar da kowa ke yi a zuci tsakanin Tsafe da Funtuwa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi kai tsaye zuwa Alkahira. Abin da ya tsaya mini a rai a cikin jirgin shi ne yawan marasa lafiya: wannan a keken guragu, wancan rungume da hoton ƙirji a babban ambulan, ga wata dattijuwa da za a duba wa ƙoda, jikanta na ta gyara mata mayafi. Da muka sauka an nemi katin rigakafin shawara, don haka mai niyyar zuwa ya riƙe nasa a hannu, kada ya jefa shi a akwati.

Yaron ya sauke ni a Hayyul Ashir, unguwar da 'yan Afirka suka yi yawa, a wani bene mai tsawo da ba shi da na'urar hawa. "Gwaggo, a hankali, saura kaɗan," haka yake ta cewa yana ɗauke da jakata. Sanyin garin ba ƙura kamar hunturunmu, amma yana ratsa ƙashi, musamman da asuba. Dala ɗaya tana kusan fam 50 a lokacin. Abinci da mota ba su da tsada: da safe wake dafaffe da suke kira ful, da ƙosansu na ɗa'amiyya da gurasa, da rana koshari, wato shinkafa da taliya da wake ƙanana da miyar tumatir da soyayyiyar albasa a kwano ɗaya. Miyar da suke alfahari da ita, mulukiyya, lalo ne tsagwaronsa. Inda kuɗi ke tafiya shi ne ƙofar wuraren tarihi, domin baƙo yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya, kuma a wurare da yawa ba a karɓar tsabar kuɗi sai kati. Katina na gida bai yi aiki ba, da na yaron muka yi ta biya ina mayar masa.

Na fara da kasuwa kafin gidan tarihi. A lungunan da ke bayan masallacin Azhar akwai shagunan masu saiwoyi da kayan ƙamshi, buhuna a jere bakinsu a naɗe. Rabin kayan na san su tun ina yarinya: lalle, hulba, habbatus sauda, tsamiya, zoɓo, goruba. Wani dattijo mai shago da ya ji sana'ata sai ya koma kirana "ya duktura", ya zaro wani busasshen kan fure mai tsinkaye a dunƙule, ya ɓalle ɗaya ya yi sakace da shi a gabana. Wannan ita ce khilla. Tsinken na sakace ne, 'ya'yan kuma ana dafa su a ba mai tsakuwar ƙoda. Na riƙe ta a tafin hannu na daɗe ina kallo, domin na san jikokinta a kan kantar asibiti. A cikin 'ya'yanta akwai sinadarin khellin, mai sassauta bututun fitsari har tsakuwa ta samu hanya, mai kuma buɗe jijiyoyin jinin zuciya. A shekarun 1940 masu bincike a Alkahira suka gwada shi a kan masu ciwon ƙirji na zuciya. Ya yi aiki, amma yana tayar da zuciya, yana sa jiri. Daga ƙirarsa ne masana sinadarai a Beljiyam suka haɗa amiodarone a farkon shekarun 1960, maganin da har gobe ake ba wanda bugun zuciyarsa ya rikice. A Ingila kuma wani likita mai fama da asma, Roger Altounyan, ya yi ta shaƙar sinadaran da aka sarrafa daga khellin yana gwadawa a ƙirjinsa, har aka dace da cromoglicate a 1965. Dattijon bai san wannan labari ba, amma ya san awon da yake ba mutum, ya kuma gargaɗe ni kada mai ciki ta sha.

Washegari muka je gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, a tsohon garin Alkahira, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto, ba a ɗaga murya. Na ji wasu na karanta ayar Suratu Yunus mai maganar tsirar da jikin Fir'auna a hankali suna wucewa. Ni da idon ma'aikaciyar lafiya na shiga, kuma abin da na gani marasa lafiya ne a kwance. Ramsis na Biyu, wanda ya yi mulki shekara 66, gashinsa har yanzu da jan lalle a jiki. Bincike ya nuna ya sha fama da ruɓewar haƙori da ciwon gaɓoɓi, kuma an samu ƙwayoyin masoro a hancinsa, alhali wannan masoron daga Indiya yake fitowa. A 1976 sai da aka kai gawarsa Faransa aka yi mata maganin funfuna. Ramsis na Biyar fuskarsa duk ƙuraje masu kama da agana. Siptah ƙafarsa ta hagu a shanye, likitoci da yawa na ganin shan inna ne. Tsargiyar da ke sa yaranmu na bakin dam fitsarin jini ma tsohuwar baƙuwa ce a nan: a asibitin Kasr al-Aini na Alkahira Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a 1851, sannan a 1910 Marc Armand Ruffer ya samu ƙwayayenta a ƙodar wasu gawawwaki biyu da suka haura shekara 3,000.

Sakkara ce ainihin abin da ya kawo ni. Tana kudu da Alkahira da kimanin kilomita 30, ana bi ta gefen magudanar ruwa da gonakin dabino, sai kwatsam kore ya yanke, rairayi ya fara. Akwai shingen 'yan sanda kafin shiga, suka tambayi direba 'yan wace ƙasa ya ɗauko, suka rubuta, muka wuce. Ga dalar Sarki Zosar, wato katafaren ginin kabarinsa mai hawa shida, wadda ake danganta gininta ga Imhotep, mutumin da daga baya Misirawa suka ɗauka uban likitoci. A kabarin wani babban bafade, Ankhmahor, an sassaƙa hoton kaciya a bango: ɗaya ya riƙe yaro ta baya, wanzami ya durƙusa a gaba. Shekara fiye da 4,000, amma duk wanda ya taɓa ganin kaciyar gargajiya zai gane zaman.

Kudu da dalar Sarki Unas mai yi mana jagora ya nuna wani wuri da aka killace, ba a shiga. A nan ne a 2016 wani masani ɗan Masar, Ramadan Hussein, ya tono ma'aikatar masu busar da gawa ta tsakanin shekara ta 664 zuwa 525 kafin haihuwar Annabi Isa. An samu tukwane da kofuna 121, kuma abin da ya bambanta su da sauran shi ne an yi rubutu a jikin da yawansu: wannan na wanki ne, wannan a shafa a kai, wannan don ƙamshin jiki. Aka ɗauki 31 aka kankare abin da ya bushe a cikinsu, aka gwada a ɗakin gwaje-gwaje a nan Masar, sakamakon ya fito a mujallar Nature a farkon 2023, bayan rasuwar Ramadan Hussein, Allah ya jiƙansa. Wani haɗi da masana suka daɗe suna ɗauka turaren mur ne, sai ga shi man itatuwan sida da danginsa ne gauraye da kitsen dabba. An samu kakin zuma, da man zurma, da kwalta daga Tekun Gishiri, da wani ƙaro mai suna dammar da ba ya fitowa sai a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya. An kuma samu ƙaron wani itace ɗan gidan atile, atilen nan da ake kawo mana daga Filato, wanda ko dai daga kurmin Afirka ya zo ko daga Asiya. Yawancin waɗannan kayan suna kashe ƙwayoyin cuta da funfuna. Mutanen ba su taɓa ganin ƙwayar cuta ba, amma sun lura da abin da ke hana ruɓa, suka ware wa kowane aiki tukunyarsa, suka rubuta. Wannan rubutun ne ya sa yau ake iya auna maganarsu da abin da ke cikin tukunyar. Tsaye a wurin na tuna kwalaben da marasa lafiya ke zuwa da su asibiti, ruwa baƙi ƙirin a gorar lemo, ba suna, ba awo, in ƙoda ta tsaya ba wanda zai iya cewa ga abin da aka sha.

Ita kuwa busar da gawar kanta da kanwa ake yi. Suna haƙo ta a Wadi Natrun, su binne gawa a ciki kimanin kwana 40 ta tsotse ruwan jiki, duka aikin ya ɗauki kwana 70. Danginta ɗaya da wadda muke jefawa a wake da miyar kuka. A 1994 wasu masana biyu a Amurka, Bob Brier da Ronald Wade, sun gwada hanyar a kan gawar wani da ya ba da jikinsa don bincike, da kanwar Wadi Natrun ɗin, kuma ta bushe.

Jirgin ƙasa na dare muka hau zuwa Luksor. Baƙo da kuɗin waje yake biyan na kwana, kuma shi ne abu mafi tsada da na biya a cikin ƙasar. Gari ya waye muna ratsa gonakin rake, lokacin sara ne, jakuna da taraktoci sun yi lodi har suna rinjaya. Muka kama ɗaki a yammacin kogi, gidan wasu mutanen ƙauye, ana tsallakawa da jirgin fito. Matar gidan ta ɗauke ni kamar 'yar'uwa, kullum da safe sai ta aiko da gurasar da ake bari ta kumbura a rana, da zumar rake.

A Luksor aka sayi manyan takardu biyu na likitancin Misirawan da, waɗanda ake kira ta Ebers da ta Edwin Smith, kuma babu ko ɗaya a Masar yau. Ta Ebers, wadda aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonta kusan mita 20, tana ɗauke da haɗin magani sama da 700, tana Leipzig ta Jamus. Ta Edwin Smith, wadda aka saya a 1862, tana New York. Abin ya yi mini ciwo, ina tsaye a garinsu amma sai dai in karanta wa yaron daga wayata. Ta Edwin Smith ce nake ƙauna. Raunuka 48 ta jera, daga kai zuwa ƙasa, kowanne da yadda za a duba, da abin da za a yi. Ranar farko a ɗaure ɗanyen nama a kan rauni, daga nan sai zuma da kitse da zare mai laushi, kuma aikin zuma a kan rauni abu ne da gwajin zamani ya tabbatar. Bayan dubawa likita zai yanke ɗaya cikin hukunci uku: ciwon da zan yi wa magani, ciwon da zan yi fama da shi, ko ciwon da ba a iya yi wa komai. Wannan na ukun shi ne ba na ji daga bakin masu tallar magani da lasifika a tashoshinmu, waɗanda kwalba ɗaya take warkar da basir da hawan jini da rashin haihuwa.

Ba duk abin da ke cikin takardun ne magani ba. Akwai surkulle, akwai kashin dabbobi, akwai abin da in an bi shi zai yi kisa. Shi ya sa gwaji ya zama dole. Wata takarda da ke Berlin ta ce mace ta riƙa yin fitsari a kan alkama da sha'ir: in sun tsiro tana da ciki, kuma wanda ya riga tsirowa zai nuna namiji ne ko mace. A 1963 likitoci a Alkahira suka gwada. Fitsarin masu ciki ya tsirar da hatsin a kusan kashi 70 cikin 100, na maza da marasa ciki bai tsirar ba, amma batun namiji ko mace bai tsaya ba. Rabi ya ci, rabi ya faɗi.

A kaburburan Deir al-Madina, ƙauyen ma'aikatan da suka sassaƙa kaburburan sarakuna, launin zanen kamar jiya aka shafa. A kabarin wani mai suna Pashedu ga shi durƙushe a gindin goruba yana shan ruwa, 'ya'yanta reto. A zane-zanen kuma akwai masu riƙe da furen bado a hanci. Nasu shuɗi ne, namu na tafki da yara ke ciro tushensa yawanci fari, kuma shuɗin ya yi wuya a kogin Nilu yanzu. Ana yawan cewa suna jiƙa shi a giya don maye, har masu sayar da tsaraba na tallarsa da haka. Gaskiya akwai sinadarai masu taɓa ƙwaƙwalwa a dangin bado, amma zanen bango ba hujja ba ne. Hujja mai ƙarfi ta fito ne a 2024, da aka kankare cikin wani kofi mai siffar gunkin Bes da ke gidan tarihi a Tampa ta Amurka, aka samu alamar bado da zuma da harmal. Harmal ɗin nan, wanda na gani a buhu a kasuwar Azhar ana sayarwa don turare, yana sa gane-gane, in ya yi yawa kuma yana murɗa mahaifa. Shi Bes ɗin a wurinsu mai tsaron masu naƙuda ne.

Zuwa Aswan mota muka yi shata, sama da kilomita 200, shinge bayan shinge, ga tudun rage gudu a kowane ƙauye. Ba wanda ya nemi ko sisi a hannunmu, tambaya ɗaya ce, 'yan ina ne, sai a ɗaga ƙarfe. Muka tsaya a Kom Ombo. A bangon baya na tsohon haikalin garin akwai zanen kayan aiki na zamanin Rumawa: wuƙaƙe, ƙugiyoyi, hantsaki, ma'auni, da kofunan da suka yi kama da na ƙaho, ga mata biyu a zaune kan kujerar haihuwa. A gefe akwai ɗakin busassun kadoji. Wata takardar likitanci, ta Kahun, wadda ta girmi ta Ebers, ta ambaci kashin kada cikin abin da mace ke sawa don hana ɗaukar ciki. Ta Ebers kuwa bagaruwa ta ce, da dabino da zuma, kuma wasu masana na ganin ƙaron bagaruwa in ya yi tsami yana iya raunana maniyyi.

Aswan ta fi ko'ina kama da gida. Mutanen Nuba baƙaƙe ne, sau da yawa sai an yi mini Larabci ana zaton 'yar gari ce. Zoɓo tuli-tuli a kasuwa, da garin goruba da ake damawa a sha. Kudu da nan, kusa da Wadi Halfa a Sudan, aka tono ƙasusuwan mutanen da suka rayu tsakanin shekara ta 350 zuwa 550 miladiyya. A 1980 George Armelagos da ɗalibansa suka ga ƙashin na ƙyalli a ƙarƙashin wata fitila, irin ƙyallin tetracycline, maganin da sai bayan yaƙin duniya na biyu aka san shi. An yi ta musu har 2010, da aka narkar da ƙashin aka ciro sinadarin. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne ƙwayar ƙasa mai samar da shi ta shiga hatsin da suke tsimawa su yi giya mai kauri, har yara ma an samu a ƙashinsu.

A kasuwar Aswan ne na yi doguwar muhawara da wani mai sayar da kwalli. Ya fasa dutsen a gabana, cikinsa na walƙiya, ya ce na Fir'auna ne, yana gyara ido, masana Faransa ma sun tabbatar. Akwai gaskiya a maganarsa. An gwada kwalli daga tsofaffin tandu 52 da ke gidan tarihin Louvre na Faransa, aka samu baƙin dutsen dalma, da wasu fararen sinadarai biyu, laurionite da phosgenite, waɗanda da wuya a same su a ƙasa. Misirawa haɗa su suke yi: garin dalma da gishiri da kanwa a ruwa, a tace, a sake, makonni ana yi. A 2010 aka nuna cewa ɗan mitsitsin dalma yana zaburar da ƙwayoyin fata su fitar da sinadarin da ke taimaka wa jiki yaƙar cuta, abin da zai yi amfani a ƙasar da ciwon ido ke yawa bayan ambaliya. Amma a kwanon gwaji aka ga haka, ba a idon jariri ba. Ni daga Zamfara nake. A 2010 ɗin nan ce gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, waɗanda suka rayu kuma wasu ba su sake zama daidai ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da dalma ta hau masa jini, aka bi sawu aka samu kwallin da ake sa masa ne, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Na gaya wa mutumin duk wannan ta bakin yaron. Ya yi shiru, sannan ya ce kakarsa ta sa har ta kai shekara 90. Na ce ban musa ba, amma babba daban, ɗan wata uku daban. Na sayi ƙulli ɗaya, na rubuta wuri da rana a jiki, ya ƙara mini da zoɓo kyauta.

Dawowa jirgin ƙasa na zaune muka bi don sauƙin kuɗi, tafiyar ta wuce awa 12, daga nan sai Kano, sai gida. Na tarar ana shirin sunan jikar yayata, Inna ta riga ta fito da tandunta. Na zauna kusa da ita na ba ta labarin tun daga Louvre har Bukkuyum. Ta ce, "Ke 'yar nan, kwalli sunna ne, da shi na raine ku duka." Na ce, "Haka ne Inna, amma dutsen da ake sayar mana yanzu yawancinsa dalma ne, ki bari in kai naki a gwada tare da wanda na kawo." Ta ɗebar mini kaɗan a takarda, ta ce manya za su sa abinsu ranar suna, jaririya kuwa a bar mata idonta sai sakamako ya fito. Na haɗa da wasu samfura daga kasuwar Gusau, kowanne da sunan wurin da aka saya da abin da mai shi ya ce yana magani, na aika Zariya.